Da me za mu auna ɗorewar kiwon kifinmu, kuma wa za mu saurara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu kiwon tarwaɗa a bayan garin Kano. Yawancinmu tankin siminti da na tamfol muke amfani da su, ruwanmu kuma na burtsatse ne. Wata ƙungiya mai bayar da tallafi ta ce kafin ta duba buƙatarmu sai mun kawo rahoton da ke nuna kiwonmu mai ɗorewa ne, kuma sai an ga mun ji ta bakin masu ruwa da tsaki. Wasu cikinmu sun ce mu kira taro, a ɗauki hoto, a sa hannu, shi ke nan. Ni dai raina bai kwanta ba. Shin ɗorewa abu ne da ake aunawa? Da me? Kuma su wane ne masu ruwa da tsakin, tunda mu ne muka zuba kuɗinmu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Wannan rashin kwanciyar rai da kake ji alheri ne, kada ka bari a kore maka shi. Taron hoto da sa hannu yana iya samo muku kuɗi sau ɗaya, amma ba zai gaya muku ko nan da shekara biyar akwai sauran ruwa a burtsatsenku ba, ko kuwa maƙwabta na shirin kai ƙararku wurin mai unguwa. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ko ɗorewa tana aunuwa, da wane ma'auni, kuma me ya kawo waɗanda ba su zuba ko kwabo ba cikin maganar. Tana aunuwa, sai dai ba da lamba ɗaya ba. Aikin mutanen da za ku saurara shi ne su zaɓi abin da za a auna da inda za a ja layi, sannan sikeli da igiya da littafi su faɗi lamba. Idan aka juya, ku masu gona kuka zaɓi ma'aunin da kanku sannan kuka kira jama'a su ce sun gamsu, to an yi taro, ba a yi awo ba.

Kalmar ta shigo mana ta bakin ƙungiyoyi, amma abin da take nufi tsoho ne a wurinmu. Sarkin ruwa da ke hana kamun kifi a wani gurbi har lokacinsa ya yi, kamar yadda ake killace Matan Fada a Argungu, ɗorewa yake nema ko da bai kira ta da wannan suna ba. A kiwon kifi tambayoyi uku ne a ƙarƙashinta. Sana'ar tana biyan kanta zagaye bayan zagaye, wato daga zuba 'ya'yan kifi zuwa sayarwa? Ruwa da ƙasar da take ci suna iya ɗaukarta? Mutanen da ke kewaye da ita suna cin moriya, ko su ne ke biyan wani kuɗi da ba ya fitowa a littafin mai gona? Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da ƙa'idojin kamun kifi da kiwonsa cikin sanin ya kamata tun 1995, kuma a 2024 ƙasashe suka amince da wasu ƙa'idoji na musamman kan ɗorewar kiwon kifi. Dalilin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu a fili yake: a shekarar 2022, karo na farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata a duniya, kimanin tan miliyan 94, sun zarce waɗanda masunta suka kamo. Najeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa irin tamu. Ko hukumar ASC mai ba gonakin kifi shaidar inganci, wadda aka kafa a 2010, ma'aunanta sun fito ne daga shekaru da aka kwashe ana zaman tattaunawa tsakanin masu kiwo, 'yan kasuwa, masana da masu kare muhalli. Ashe abin da aka nema daga gare ku ƙaramin samfurin wancan ne.

Su wane ne masu ruwa da tsaki

Hanyar da nake bi wajen gano su ba ta buƙatar takarda. Ka bi ruwa, ka bi abinci, ka bi kifi. Ka tsaya a bakin burtsatsenku ka tambayi kanka wa kuma ke shan ruwan ƙarƙashin ƙasar nan: masu rijiya a gidajen da ke kewaye, masu garuwa, masallacin unguwa. Sannan ka bi bututun da ke fitar da ruwan tanki da ƙafarka, har inda ya tsaya. Duk ƙofar gidan da ya wuce, duk lambun da ya shiga, duk inda ya kwanta yara na wasa ko shanu na sha, ka sami masu ruwa da tsaki, kuma a nan kalmar ta hau daidai, don ruwan ne a ƙofarsu. Ta ɓangaren abinci akwai mai sayar muku da buhu, mai injin da ke haɗa muku na gida, da mai ƙyanƙyasar da ke kawo muku 'ya'yan kifi. Ta ɓangaren kifi akwai dillali, matan da ke saye su yi banda, masu gashi da farfesu, da wanda zai ci. A tsakiya kuma akwai yaran da ke wanke tanki, su ba da abinci, su kwana suna gadi. Malamin gona, jami'in duba gari da mai unguwa su ma suna ciki, amma su ba a manta su, kullum su ake fara kira.

Ka ce ku ne kuka zuba kuɗi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muryarku ke da nauyi. Amma maƙwabcin da rijiyarsa ta ja baya shi ma ya zuba wani abu, ba a dai tambaye shi ba kafin a ɗauka.

Na taɓa zama da wata ƙungiya mai kama da taku. Mun yi taro a ƙarƙashin rumfa, an shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya zo, kowa ya ce kiwon nan alheri ne ga unguwa, samari sun sami aiki. Babu wanda ya yi ƙarya. Da aka watse, sai wata dattijuwa da ta zauna can baya ba ta ce uffan ba ta aiko jikanta ya kira ni soron gidanta. Ta nuna mini igiyar gugarta. An ƙulla mata wani sabon guntu a kan tsohuwar, launinsu ma daban, sannan an sake ƙulla wani. Ta ce, "Ɗana, ni ban san lissafi ba, amma tun da aka fara kifin nan sau biyu nake ƙara igiya." Wannan igiya ta fi duk abin da aka faɗa a rumfa amfani a gare ni. Ba ta tabbatar da cewa masu kifi ne suka ja ruwan ba, domin a shekarun an gina gidaje da yawa, kowa da burtsatsensa. Amma ta gaya mana abin da ya kamata mu fara aunawa, abin da babu shi ko kaɗan a takardar da muka zo da ita.

Yadda ake zama da su

Tun daga ranar na daina fara aiki da babban taro. A babban taro, ƙarami ba ya musa wa babba, yaron gona ba ya magana a gaban ubangidansa, mata da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma su yi shiru. Ku raba zaman. Maƙwabta daban, mata masu banda da masu sayarwa daban kuma mace ce za ta jagoranci zamansu, ma'aikata daban ba tare da ko mai gona ɗaya a wurin ba. Mai unguwa ya buɗe muku ƙofa ya yi addu'a, amma a roƙe shi da girmamawa ya bar wurin kafin a fara. Wanda zai yi tambayoyin kada ya zama ɗan ƙungiyarku. Ku nemi malamin makaranta ko ɗalibin aikin gona da mutane suka yarda da shi.

Kada a tambayi kowa ko kiwon kifi mai ɗorewa ne. Ba wanda ke magana haka a gidansa. A tambaye shi me ya canza a rayuwarsa tun da aka fara kiwon, mai daɗi da marar daɗi. A tambaye shi me zai gani da idonsa ya san abin ya gyaru, me kuma zai gani ya ce an wuce gona da iri. Daga waɗannan amsoshi ake ciro ma'auni. "Wari yana hana mu zama a tsakar gida" sai ya zama adadin kwanakin da aka ji wari a wata. "Kifin yanzu yana narkewa a kan wuta" sai ya zama kilo nawa na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na banda.

Abubuwa za su taru da yawa, sai a tace. Ina zana kowace damuwa a ƙasa ko a kwali da alama, don wanda bai iya karatu ba ya gane, a ba kowa ƙwayar wake goma ya raba yadda abin ya dame shi, shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka haɗa waken kowa wuri ɗaya ka ƙirga. Idan masu gona talatin ne maƙwabta takwas, haɗawar za ta binne maƙwabta. Kowane rukuni a fitar da manyan damuwoyinsa biyu ko uku, dukkansu su shiga jerin. A ƙarshe ma'auni goma zuwa goma sha biyu sun isa. Wanda ya ɗauko arba'in ba zai kai wata uku yana cikawa ba.

Abin da ake aunawa

Na fara da aljihu, domin gonar da ke cin uwar kuɗinta ba ta da wata ɗorewa da za a tattauna. Abinci shi ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa, saboda haka lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kilo nawa na abinci ya ba da kilo ɗaya na kifi. Da abinci mai kyau mai tashi saman ruwa da kulawa mai kyau, ana samun tsakanin 1 da 1.5. Wanda nasa ya haura 2, akwai inda yake yoyo: ko abincin ba shi da ƙarfi, ko ana zubawa fiye da kima, ko iri ne marar girma, ko kuwa buhu yana fita ta bayan gida. Sai kashi nawa na 'ya'yan kifin da aka zuba suka kai ranar sayarwa, sai kuɗin da kilo ɗaya ya ci, a haɗa da man janareta, gyaran famfo, da ladan mai gonar kansa, wanda kusan kowa ke mantawa. Duk wannan ba ya samuwa sai da littafi da sikeli. Mafi yawan masu kiwon da na zauna da su suna iya gaya maka nawa suka sayar, amma buhu nawa suka zuba sai a fara "kamar dai". Aikinka na farko a matsayin sakatare shi ne kowane ɗan ƙungiya ya mallaki littafi mai shafi iri ɗaya.

Ruwa shi ne inda zan daɗe, don a ƙasarmu shi ne zai yanke hukunci. Lita nawa kilo ɗaya na kifinku ke sha? Ba sai da na'urar auna ruwa ba. Ɗauki misali: tanki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin ruwa mita 1, yana ɗaukar lita 12,000. Idan ana zubar da rabinsa duk bayan kwana biyu har tsawon kwana 150, an canza sau 75, wato lita 450,000. Idan aka kwashe kifi kilo 600, kowane kilo ya sha lita 750. Kowa ya yi wannan lissafi da nasa tankin, za ku sha mamakin tazarar da ke tsakaninku, kuma a wannan tazara gyaran yake, domin mai shan kaɗan yana da abin da zai koya wa mai shan da yawa. Sannan ku zaɓi rijiyoyi uku ko huɗu, wasu kusa da tankuna, ɗaya kuma can nesa inda babu kiwo. Ranar ɗaya ga kowane wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, a zura igiya mai alamar mita a rubuta zurfin da ruwa yake. Ta nesan ita ce shaida: in duka suna ja baya tare, fari ne ko yawan gine-gine, in na kusa ne kawai ke gudu, to maganar ta dawo gida. Kuma mutum biyu za su riƙa awon, ɗaya naku ɗaya na maƙwabta, duka su sa hannu. Lambar da ɓangare ɗaya ya rubuta shi kaɗai, ranar rigima ba ta da amfani.

Ruwan da kuke zubarwa kuma, ga wani lissafi da nake son kowane mai kiwo ya sani. Abinci mai furotin kashi 40 yana ɗauke da sinadarin naitirojin kusan kashi 6.4. Idan ka yi tan ɗaya na kifi da abinci kilo 1,300, ka zuba naitirojin kimanin kilo 83 a tanki. Abin da ya zama tsokar kifi bai wuce kilo 27 ko makamancin haka ba. Sauran, fiye da kilo 50, ya bi ruwa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23, ke nan duk tan ɗaya na tarwaɗa yana zubar da abin da ya haura buhu biyu na taki. Idan ya bi kwata ya kwanta a bayan gidan wani, wari ne da sauro da gaba. Idan ya shiga lambun alayyafo, masara ko ayaba, kuɗi ne. Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawara shi ne kashi nawa na ruwan da kuka fitar ya shiga shuka ko ramin tacewa, kashi nawa ya bi titi. Na ga inda wannan ma'auni guda ya mayar da mai lambun da ke gaba da masu kifi abokin hulɗa, har yana tambayar ranar canjin ruwa. Sai dai a kula: ruwan da aka zuba wa gishiri mai yawa ko magani ba na lambu ba ne, kuma ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas, a shayar da shi ta ƙasa, kada a watsa a kansa.

Wannan ya kawo mu kan magani. A rubuta sau nawa aka ba kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta a zagaye ɗaya, wa ya ce a bayar, kuma kwana nawa aka jira kafin a sayar. Al'adar zuba kafso a ruwa duk lokacin da kifi ya yi sanyi tana cutar da mai ci, tana kuma sa maganin ya daina aiki ga kifi da mutum baki ɗaya. Sau da yawa ma ba cuta ba ce, ruwa ne ya lalace ko cunkoso ya yi yawa. Haka maganar ciyar da matattun kaji da kayan ciki ɗanye: a tambaya a fili, a rubuta gaskiya. Ƙaramin akwatin gwajin ruwa da ke nuna amoniya, wato gubar da ke taruwa daga kashin kifi, da tsamin ruwa bai fi ƙarfin ƙungiya ba, guda ɗaya zai zagaya kowa.

Ta fuskar mutane, ma'aikata za su gaya maka nasu in ubangida ba ya wurin: ana biyan albashi kan lokaci ko sai an sayar da kifi, akwai takalmin roba, wa ke biyan magani in ƙayar tarwaɗa ta soki mutum, wayar famfo a rufe take ko a tsirara kusa da ruwa, akwai yaron da kiwon ya raba da makaranta. Mata masu banda kuwa ma'auninsu ya fi na kowa kaifi. Kifin da aka cika da abinci mai maiƙo yana zubar da kitse a wuta ya ƙanƙance, ita ce ke asara, kuma ita ce za ta fara guje muku. A tambaye ta itacen nawa take ƙonawa, hayaƙi na damun idonta da ƙirjinta, ana ba ta kifi a farashin da ake ba babban dillali ko ita ce ke karɓar ragowa. Murhun banda irin na Chorkor da aka ƙirƙiro a Ghana, da na FTT da FAO ta fara yaɗawa daga Senegal, suna rage itace, na biyun kuma yana rage hayaƙin da ke taɓa kifin. In aka ga buƙata, wannan abu ne da za ku iya sa wa cikin tallafin da kuke nema. A kuma tambayi maganar fesa maganin ƙwari a kan busasshen kifi don kore tsutsa. Kowa ya san ana yi a kasuwanni, kuma guba ce.

Inda ake jan layi

Lamba ita kaɗai ba ta cewa komai sai an yarda da iyaka. Bayan an tattara awon farko, a nan ne babban taro ke da amfani. Kowane rukuni ya turo wakilai, a ɗauki ma'auni ɗaya bayan ɗaya a amince: daga nan zuwa nan kore ne, daga nan rawaya, daga nan ja. Wasu iyakokin na masana ne, ba a jefa musu ƙuri'a. Kwanakin jira bayan magani, alal misali, likitan dabbobi da takardar maganin ne ke faɗa. Wasu kuwa na mutanen da abin ya shafa ne. Kwana nawa na wari a wata za a iya haƙura da shi, wannan masu shaƙa ne za su faɗa. Za a yi gardama, kuma ina son a yi ta. Inda aka kasa daidaitawa, a rubuta matsayin kowane ɓangare kamar yadda ya faɗa, a saka a rahoton. Masu tallafin da suka san aikinsu sun fi yarda da rahoto mai ɗauke da saɓani fiye da wanda kowa ya ce madalla.

Akwai masu son a haɗa komai a fitar da maki ɗaya, a ce ƙungiya kaza ta ci 72 cikin 100. Ni ba na goyon bayan haka a matakinku. Maki ɗaya yana barin riba mai kyau ta rufe rijiyar da ta ƙafe. Ku bar kowane ma'auni da launinsa a allo ɗaya, kowa ya gani. Ku kuma ware biyu ko uku da za a ce in ɗayansu ya yi ja, ba a kiran kiwon mai ɗorewa ko da sauran duk kore ne. A ganina ruwan shan maƙwabta da sayar da kifi kafin magani ya fita jikinsa suna cikin waɗannan. Kowane ja kuma a rubuta a gefensa wa zai yi me, zuwa yaushe. Mutane suna zuwa zama na biyu ne kawai idan sun ga abin da na farko ya haifar.

Abin da wannan awo ba zai yi muku ba

Zagaye ɗaya ba ya nuna ɗorewa, yana nuna inda kuke tsaye ne kawai. Tarwaɗa tana son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 30. A hunturun Kano takan rage ci, girmanta ya tsaya, ƙyanƙyasa ta yi wuya, don haka kifin da aka zuba a Nuwamba ba a gwada shi da na Afrilu. Rijiya ma a bazara take faɗin gaskiyarta. Sai kun haɗa shekara biyu ko uku kafin ku ce abu yana gyaruwa ko yana lalacewa.

Haka nan akwai abin da ke zuwa daga waje wanda littafinku ba ya hangowa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin abincin kifi da na tayar da ruwa sun yi tashin da ya rufe gonakin mutanen da ba su yi kuskuren komai ba. A tafkin Volta na Ghana, daga ƙarshen 2018, wata cuta ta shiga kejin karfasa ta hallaka kifi masu ɗimbin yawa, ta ci mai kulawa da marar kulawa tare. Abin da za ku iya aunawa a nan shi ne ƙarfin jure bugu: daga wuri nawa kuke samun iri, mutum nawa ke sayen kifinku, kashi nawa na abincin ake haɗawa da kayan gida irin su waken suya da masara, famfo nawa ke kan sola, kuma in farashi ya faɗi kuna da hanyar mayar da kifi banda ku ajiye.

Igiya da akwatin gwaji kuma suna da iyaka. Sanin ko ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankinku zai ɗauki ƙarin burtsatse aikin masanin ruwa ne, gano ragowar magani a tsokar kifi kuma sai ɗakin gwaji. Don irin waɗannan ku nemi sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ko jami'ar da ke kusa da ku, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja. Kada ku raina rubutu da ajiye shaida. A Maris 2018 Amurka ta dakatar da shigar tarwaɗar Najeriya, har da banda, saboda ba a gabatar mata da cikakkun takardun da ke nuna tsarin duba lafiyar kifin ba. Masu kiwo da masu banda da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka rasa kasuwa.

Su ma mutanen da za ku saurara 'yan Adam ne. Wani zai ƙara gishiri don yana jin akwai diyya, wani zai rufe baki don ɗansa na aiki a gonarku, wani kuma ya zo ne don kuɗin mota. Shi ya sa duk maganar da aka faɗa ake neman abin da za a auna a kanta, duk lambar da aka auna kuma ake mayar da ita gaban mutane su ce ta yi kama da abin da suke gani ko a'a. Ni ban ga wurinku ba, ban san zurfin burtsatsenku ko inda kwatarku ta nufa ba, don haka wasu ma'aunan da na ambata ba za su hau kanku ba, wasu kuma da ban ambata ba za su fito daga bakin mutanenku.

Idan wa'adin masu tallafin ya matso, kada ku rubuta musu cewa kiwonku mai ɗorewa ne. Ku rubuta cewa ga waɗanda muka zauna da su rukuni rukuni, ga abin da kowanne ya ce, ga ma'aunan da aka amince da su, ga awon farko da launin kowanne, ga inda muka yi ja da abin da za mu yi a kai, ga kuma ranar awo na gaba. Wannan aikin mako shida ne zuwa takwas in kun tashi tsaye. Kafin ka kira kowa taro, Malam Sakatare, gobe da safe ranar canjin ruwa ka sa takalmi ka bi bututun nan naku har inda ruwan ya tsaya, ka rubuta gida nawa ka wuce. Su za ka fara yi wa sallama.